Takwarata Ta Zaɓi Ofishin Mai Gilashi

Zuwa ga ƙanena, Baban Takwara,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da maman yara da yaran gaba ɗaya. Allah ya ƙara maka ƙarfin jiki, ya sa albarka a guminka, ya tsare hannunka daga injinan kamfanin nan da kake kwana kana tashi a cikinsu. Yaya ƙafar taka? Maman yara ta gaya min har yanzu tana kumbura in ka daɗe a tsaye, kuma wai ka ce ba inda za ka, da kanta za ta sace. To ka sani, aikin jinya na ajiye, ban ajiye faɗa ba. Ka je a duba ka, kada ka bari sai an ɗauke ka a mota.

Mu nan lafiya lau muke, sai godiya. Maigidana Malam ya samu an gyara rufin ɗakin baya, yanzu in ana ruwa ba ma jera bokitai a tsakar ɗaki. Kawu ya ji sauƙi sosai, ya koma wa rediyonsa, yana musu da masu karanta labarai kamar suna jin sa. Jikata ta fara bin bango, duk abin da hannunta ya kai sai ta sauko da shi, shekaranjiya ma tabarauna na karatu ta tsoma min a ruwan wanki. Ban da wannan ba wani labari.

Za ka yi mamakin ganin takarda daga gare ni alhali ga waya. Dalili kuwa, a waya ba ka barin mutum ya kai aya. Kafin in faɗi ɗaya ka faɗi goma, ka ce ana kiranka, ka kashe. Takarda kuwa ba ka da yadda za ka katse ta. Maganar 'yarka ce, takwarata, da wurin da za ta yi zaman sanin makamar aiki a dogon hutun da ke tafe. Kada gabanka ya faɗi, lafiyarta ƙalau, karatun lauyan kuma tana riƙe da shi hannu bibbiyu. Sai dai akwai abin da take jiran izininka a kai, ta kasa furta maka, ni kuma na ga in aka biye mata hutun zai zo ya wuce tana nan tana juya waya a hannu.

Bari in faro maka daga tushe. Tun farkon zangon nan aka tara 'yan ajin farko a jami'a, wata mata daga ofishin da ke ba ɗalibai shawara kan aiki ta yi musu bayani. Takwara ta dawo ta same ni a kicin ina yanka albasa, ta zayyana min shi kaf. Wai matar ta ce neman aiki ba ranar karɓar takardar kammalawa yake farawa ba, yanzu ake fara shi. Wai aikin lauya ba iri ɗaya ba ne: akwai masu tsayawa gaban alƙali, akwai masu zama a kamfani suna duba yarjejeniya har su tsufa ba su taka kotu ba, akwai na gwamnati, akwai masu tsaya wa marasa ƙarfi. Ta ce kada ɗan ajin farko ya yi saurin ɗaure kansa da ɗaya, ya yi amfani da hutu ya leƙa ya gani da idonsa. Ta ce kowa ya rubuta takardar bayanin kansa, shafi ɗaya tak, ban da ƙari, kuma kada ya buga wasiƙa guda ya raba wa ofisoshi kamar katin gayyata, kowane ofishi a rubuta masa tasa. Sannan su riƙa tambayar 'yan ajin gaba, kuma kada neman ya sa su saki jarrabawa. Na ce mata mu a zamaninmu kana gamawa ake turo ka asibiti, ba wanda ya tambaye ka me kake so. Ta yi dariya ta ce shi ya sa na fito da zafin rai.

Takardar bayanin kan nan ta ba mu dariya. Yarinya ta zauna da biro ta rasa abin rubutawa bayan sunan makarantu. Na ce ta sa cewa ta iya wanke-wanke, ni shaida ce. A ƙarshe ta sa ƙungiyar muhawara da ta shugabanta a sakandare, da koyar da yaran maƙwabta da take yi ranar da ba makaranta. Ta tambaye ni ko ninke takardu da ta riƙa taya ka a maɗaba'arka tana ƙarama zai shiga. Na ce ta sa mana, ai aiki ne, kuma a nan ta koyi kada a bar shafi ya karkace.

Inda ta bambanta da ƙawayenta shi ne wajen zaɓen wuri. Su dogayen gine-gine suke bi, inda sunan ofishi ke rubuce da manyan baƙaƙe. 'Yan ajin gaba kuwa sun gaya mata cewa a irin wuraren nan ɗan ajin farko jaka yake ɗauka, ya tsaya gaban injin kwafi har ƙafarsa ta sage. Sai ta ce ita mutum za ta zaɓa, ba allon ƙofa ba. Duk ranar da ba ta da lakca sai ta shirya ta tafi kotu, ta zauna a bencin baya tana kallon lauyoyi suna aiki. Na bi ta sau ɗaya don in ga abin da ke cinye mata kuɗin mota. Ɗaki ne mai dogayen bencina, fanka tana juyawa tana ƙara ba iska, magatakarda yana kiran ƙararraki da muryar wanda ya gaji tun safe, lauyoyi cikin baƙaƙen riguna suna ta sharce gumi. Rabin shari'o'in ɗage su aka yi. Na ce mata to me aka gani a nan? Sai ta ja ni baranda, ta ce nan ne wurin kallon. Ta nuna min yadda wani lauya ya fito da waya a kunne, wanda yake karewa yana binsa a baya yana tambayar yaushe za a dawo, ko waiwaye bai yi ba. Wani kuma ya tsaya ya ja tsohon da ya zo da shi gefe, ya yi masa bayani har sai da tsohon ya gyaɗa kai. Ta ce ita a barandar nan take gane wanda za ta iya koyon aiki a hannunsa. Gaskiya yarinyar nan ta ba ni sha'awa ranar.

Abokinka na kamfanin inshora kuwa, ta je kamar yadda ka umarce ta, kada ka ce ta ƙi bin maganarka. Ya karɓe ta hannu bibbiyu, ya sa aka kawo mata shayi, ya yi ta tambayar lafiyarka. Ta ce ofishin sanyi kamar cikin firji, kafet har bango, ba ka jin motsin kowa. Ya ce mata wuri nata ne, ta zo ta zauna kusa da sakatariyarsa ta riƙa duba tsofaffin fayiloli, in ma ta gaji ba sai ta zo kullum ba, ƙarshen hutu zai sa mata hannu a takarda. Mutumin kirki ne, alheri ya nufa, kuma ta yi masa godiya yadda ya kamata. Amma da ta dawo ɗaki ta shige, abincin ma sai da na kai mata.

To, yanzu ka gyara zama. Wadda ta zaɓa ita ce lauyar nan da kake kira Mai Gilashi. Eh, ita dai, wadda ta tsaya wa matar marigayi abokin sana'arka a shari'ar injin. Takwara ba nemanta ta je yi ba. Tana zaune a bencin baya wata rana ta ji wata murya tana yi wa shaida tambaya a hankali, kamar mai tambayar hanya, ta ce tun kafin matar ta juyo ta gane ta. Ta manyanta yanzu, tafiyarta ta ragu, gilashin ya ƙara kauri. Daga ranar duk shari'ar da ta ji matar za ta tsaya sai ta je. Ofishinta ɗaki biyu ne a saman wani shagon fenti, matakalar ƙunci gare ta, mutum biyu ba sa giftawa. Fayiloli ɗaure da zare har saman kabad, bencin jira cike da 'yan haya da ma'aikatan da aka sallama da matan da mazansu suka rasu. Duk hutu ɗalibi ɗaya take ɗauka daga ajin farko, kuma ba jaka take ba shi ba, kusa da ita take zaunar da shi in tana sauraron masu kawo kuka, bayan sun fita ta tambaye shi me ya ji, me kuma aka ƙi faɗa.

Na san ba sai na tuna maka shari'ar ba, amma ka bar ni in faɗe ta yadda na gan ta, tunda ina wurin. Kai da marigayi kuka haɗa hannu kuka sayi babban injin buga takardu, rasit kuwa sunanka kaɗai ya ɗauka don kai ka je sayo shi. Da ciwo ya kwantar da shi kai ka riƙe maɗaba'ar, kai ka riƙe gidansa, ba wanda zai musa wannan. Bayan rasuwarsa 'yan'uwan matar suka zo maka da tsawa a gaban ma'aikatanka suna neman rabonsa a injin, suka kira ka da sunan da bai dace ba, zuciya ta ɗebe ka ka ce su je duk inda za su. Suka je kotu. Lauyanka ya ce takarda tana hannunka, in an tambaye ka yadda aka haɗa kuɗin ka ce ka manta, shi ke nan. Ranar da ka tsaya ba da shaida, Mai Gilashi ba ta ɗaga murya ba, ba ta zarge ka da komai ba. Tambayarka kawai ta yi ko ka san dalilin da marigayi ya sayar da babur ɗinsa a makon da aka kawo injin. Ka dubi inda matar take zaune, sannan ka ce don ya cika kuɗin injin ne, injin naku ne ku biyu. Lauyanka ya ajiye bironsa. Aka yanke a sayar a raba, maɗaba'a ta rufe, kai kuma ka tattara iyalinka ka tafi neman aiki inda kake yanzu.

Tun daga lokacin, a gidanka in an ce Mai Gilashi to an ambaci wadda ta tashe ka daga sana'arka. Kuma na sha jin ka kana gaya wa mutane da alfahari cewa 'yarka ta zaɓi karatun lauya ne don kada a sake yi wa ubanta irin abin da aka yi masa. Ni ma haka na ɗauka. Ka manta, ko ba ka lura ba, takwara tana cikin kotun ranar. Maman yara tana asibiti ta haifi Auta, ba wanda zan bar wa yarinyar, sai na zo da ita na ɗora ta a cinya a can baya. Na zaci ba ta fahimci komai ba, ashe ba abin da ya wuce ta.

Ran da ta gaya min wadda ta zaɓa, muna shanya a bayan gida. Na saki zanen da ke hannuna na ce ko ta san abin da take faɗa? Ta ce ta sani. Ta ce ita abin da take tunawa shi ne wata da watanni manya suna ta ihu a ƙofar maɗaba'a, kowa jijiyar wuya a tashe, ba abin da ya fito. Sai ga wata mata ta yi tambaya guda da ƙaramar murya, babanta kuma ya faɗi gaskiya alhali ya san abin da za ta ci masa. Ta ce ba ta taɓa jin girmanka a ranta kamar ranar ba, har yau kuma ba ta ga namijin da ya yi abin da ka yi ba. Ta ce ba ramuwa ta kai ta karatun lauya ba, so take ta koyi yadda ake yi wa mutum tambayar da za ta bar masa hanyar faɗin gaskiya ba tare da an tozarta shi ba. Ƙanena, ba zan ɓoye maka ba, kuka na yi, na fake da cewa sabulu ne ya shiga min ido.

Ta rubuta wa ofishin wasiƙa, aka kira ta ganawa. Ni da wayona na ce ta yi shiru da maganar ko 'yar wace ce sai ta samu wurin tukuna. Ta dube ni ta ce to Gwaggo, daga nan na san ba za ta ji ba. Tana zama, kafin a tambaye ta komai, ta faɗi sunanka da sunan maɗaba'ar. Ta ce matar ta cire gilashin ta daɗe tana goge shi. Sannan ta ce ta tuna ka sarai. Wai a duk shekarun da ta yi tana aiki, shaidun da suka zo da takarda a hannu da shawarar lauya a kunne suka kuma ajiye su suka faɗi abin da ya faru, ba su da yawa. Wai ranar ba ta da wata hujja ban da maganar babur ɗin, da ka ce ka manta, da ta faɗi shari'ar. Ta tambayi lafiyarka da inda kake. Daga nan ta shiga yi wa takwara tambayoyi kan karatu, ta ba ta wani fayil da aka rufe shari'arsa ta ce ta karanta ta gaya mata abin da ta gane, ta gyara mata inda ta yi gaggawa. A ƙarshe ta ce ta ɗauke ta, amma da sharaɗi: sai ka sani, kuma sai ka yarda. Ta ce ba za ta karɓi ɗalibar da za ta riƙa hawa matakalarta tana ɓoye wa gidansu ba. Za ta riƙe mata wurin har su gama jarrabawar ƙarshen zango, in ba ta ji komai ba ta ba wani, don masu so suna da yawa.

Kada ka zaci na raina abin da ka rasa. Ni na tsaya a bakin titi ina kallo aka ɗaure injin nan da igiya aka ɗora a mota, na ga yadda ka juya baya don kada ma'aikatanka su ga fuskarka. Ka tashi daga mai wuri ka koma ana rubuta maka lokacin shiga da na fita. Ka bar unguwar da kowa ya san ka, ka je inda sai ka faɗi sunanka sau biyu. Wannan ciwo ne na gaske, kuma ba zan ce maka ka manta ba. Abin da nake cewa shi ne ka daɗe kana ɗora wa matar nan abin da ba ita ta yi ba. Ita tambaya ta yi. Amsar taka ce, kuma da an sake mayar da kai wurin, na san ka, ita dai za ka sake bayarwa, ka fito kana faɗa. Ka riƙi ranar a matsayin ranar da aka kayar da kai, 'yarka kuwa a kanta ta gina duk abin da take son zama. Ya kamata a ce ka san wannan kafin ka yanke.

Ga inda maganar ta tsaya. Takwara ta ce in ka ce a'a, za ta je kamfanin inshora ta zauna kusa da sakatariya har hutu ya ƙare, ba za ta sake tayar da zancen ba, ba za ta kuma riƙe ka a rai ba. Da gaske take, na san ta. Abin da ke damuna ke nan, don za ta yi biyayyar, ta samu sa hannu a takarda, ta dawo aji biyu ba ta koyi komai ba sai yin shiru. Ta roƙe ni kada in roƙe ka, na kuma yi mata alkawari, shi ya sa ba ka ga roƙo a takardar nan ba. Ta san na rubuto, amma ba ta san abin da na sa a ciki ba. Yanzu haka tana ɗaki da littattafanta, jarrabawa ta matso, kullum ta ji wayata ta yi ƙara sai ta leƙo ta ga ko kai ne.

Ka gaida min maman yara da kyau, ka ce na gode da saƙon man shafawa, ya yi wa gwiwata amfani. Ka ba ta takardar nan ta karanta, don ita ma tana da haƙƙi a ciki. Ka gaida ɗanka Injiniya, ka ce in ya sake kwance muku rediyo ya tabbata ya mayar da duk kusoshin. Ka shafa min kan Auta, ka ce Gwaggo tana nan tana jiran hoton da ya yi alkawari. A gaida maƙwabcinku mai gyaran takalmi da ya riƙe ku da amana tun zuwanku. Malam yana gaishe ka, Kawu yana sa maka albarka, babban ɗana da matarsa suna miƙa gaisuwa.

In ka gama karantawa kada ka kira ni, ba ni ke jira ba. Ka bari sai zuciyarka ta sauka, ka kira 'yarka da kanka kafin su gama jarrabawa. Ba zan gaya maka abin da za ka ce mata ba. An taɓa yi maka tambayar da ta fi wannan tsada a gaban jama'a, ba wanda ya taya ka, kuma ka amsa daidai.

Allah ya yi maka jagora, ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ni ce yayarka,
Gwaggon yara.